Wane irin kare ya dace da gidan da ke da ƙananan yara?

Abu Hafsat, Gadarif:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayenmu da malamanmu da sauran 'yan'uwa. Na zo da tambayar da ba a saba jin irinta a tsakaninmu ba, amma buƙata ce ta kawo ta.

Gidana yana bakin gari, inda gidaje suka fara yin nesa da juna, kuma rabin katangarsa na bulo ne, sauran rabin danga ce ta kara. Muna da awaki da tumaki kaɗan a turke, muna da kaji, sannan dawa da riɗin da muke samu a gona a cikin gidan ake ajiye su har farashi ya gyaru. Tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a watan Afrilun 2023 rayuwa ta yi tsada, satar dabbobi da dare ta yawaita a unguwarmu, ga dila kuma yana shigowa ta ƙarƙashin danga yana ɗaukar kaji. Ni kuwa da damina ta kankama, haka nan lokacin yankan riɗi, a gona nake kwana, gida ya rage daga mahaifiyata sai maiɗakina sai yara huɗu. Babbansu yana da shekara 11, mai bi masa 8, sai mai 5, sai autarmu da ba ta cika biyu ba.

Na yanke shawarar samun kare mai gadi, kuma hanyoyi uku ne a gabana. Wani maƙwabcinmu da ya taso daga Khartum ya zo da karyarsa irin ta Jamus, wadda mutanenmu ke kira karen 'yan sanda, ta haihu, ya ce zai sayar mini da ɗa ɗaya. Akwai kuma Larabawa makiyaya da ke saukowa daga yankin Butana, na ga karen farauta da ake kira saluƙi a wurinsu, kuma sun nuna za a iya daidaitawa. Na uku, ƙanin maiɗakina da ke wani ƙauye a bakin kogin Rahad yana da karya irin tamu ta gida mai 'ya'ya, ya ce in zo in zaɓa kyauta. Su kuma yaran sun ga wani farin kare mai shuɗin ido a waya, wai shi haski, sun ce in ba shi ba sai rijiya.

Tambayata ita ce, a cikin waɗannan wanne ne zai tsare gida ba tare da na kwana da fargabar ya ciji yarana ba? Kuma ina roƙon malamai su faɗa mini matsayin abin a shari'a, domin mahaifiyata ba ta saki jiki da maganar ba.

Malam Na-Zaure, Mai Wurno:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Abu Hafsat, Allah ya tsare maka iyali da dukiya. Zan tsaya a kan hukunci, in bar maganar jinsi ga masu ita, ko da yake za ka ga hukuncin da kansa yana rage maka zaɓi.

Ya tabbata a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa wanda ya riƙe kare, in ba na farauta ko na kiwo ko na gona ba, ana tauye masa ƙiraɗi ɗaya, wato wani ma'auni, na lada a kowace rana, a wata ruwayar kuma ƙiraɗi biyu. Kai kana da dabbobi a turke kuma kana da amfanin gona a ajiye, saboda haka buƙatarka tana kusa da abin da aka yi wa rangwame. Game da tsaron gida kansa malamai sun yi saɓani, amma da yawansu sun yi ƙiyasinsa da waɗancan ukun idan tsoron na gaske ne, kuma Imamu Nawawi ya rinjayar da halascin. A littattafan mazhabarmu ta Malikiyya ana kawo labarin Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, mai Risala, wanda shi da kansa ya rubuta cewa ba a ajiye kare a gidaje, amma da katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi hakan, sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. Ka karanta wa Hajiya wannan, ina tsammanin hankalinta zai kwanta.

Sai dai rangwamen yana da iyaka. Kare na gadi ne, wurinsa tsakar gida da bakin turke, ba ya shiga ɗakin kwana ko inda ake salla, saboda hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da akwai kare. A mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, amma idan ya sa baki a ƙwaryar ruwa ana zubar da ruwan a wanke ta sau bakwai don bin umarni, Shafi'iyya kuwa suna ganin najasa ce mai kauri, sai an haɗa da ƙasa a ɗaya daga cikin wankin. Abin da ya fi sauƙi shi ne ya samu kwanonsa na kansa, a ɗaga randa da butoci daga inda bakinsa zai kai. To duk jinsin da aka halitta masa son kwana a ɗaki tare da mutane, ka ga ya fita daga lissafinka ke nan.

Akwai kuma maganar ciniki. An hana cin kuɗin kare a hadisi, kuma mashhurin mazhaba shi ne ba a sayar da shi, ko da yake Sahnun, ɗaya daga cikin manyan malaman Malikiyya, ya halatta sayar da wanda aka yi izinin riƙewa, har ya ce shi zai sayar ya yi hajji da kuɗin. Wanda aka ba ka kyauta ya fitar da kai daga wannan saɓani gaba ɗaya. Kuma ka sani duk ran da ya shigo gidanka cinsa da shansa da inuwarsa sun zama amana a wuyanka.

Likitan Dabbobi, Kassala:

Allah ya saka wa Malam da alheri. Ɗan'uwa Abu Hafsat, bari in fara da wanda yara suke so, domin maganarsa gajeriya ce. Haski karen Sibiriya ne, an raine shi don jan keken ƙanƙara, gashinsa ninki biyu ne. Kare ba ya yin gumi ta fata kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, kuma kai ka san a Gadarif zafi yana haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu. Bayan haka ba shi da halin gadi, yana son baƙo, yana son yawo, kuma kaji ba su da lafiya a kusa da shi. Ka rarrashi yara kawai. Haka nan duk kare mai gajeren hanci irin su buldog, domin su ne suka fi saurin mutuwa da bugun zafi.

Idan ka karanta abin da Turawa ke rubutawa kan karen iyali, sunan da za ka fi gani shi ne labrado, da ɗan'uwansa mai dogon gashi ruwan zinariya wanda aka samar a Sikotlan. Gaskiya ne suna da haƙuri da yara, domin an zaɓo su ne tsawon zamani don su ɗauko wa maharbi tsuntsun da ya harbo ba tare da sun huda shi da haƙori ba. Amma wannan laushin ne ya sa ba su da amfani a wurinka, don ɓarawo ma zai iya samun maraba daga gare su, kuma suna damuwa ƙwarai idan aka bar su a waje su kaɗai.

Karen Jamus shi ne ya cancanci a tsaya a kansa. Tun 1899 wani hafsan soja mai suna Max von Stephanitz ya kafa jinsin daga karnukan kiwon tumaki, kuma yana da kaifin fahimta da biyayya ga wanda ya hore shi, shi ya sa 'yan sanda suka riƙe shi. A hannun mai lokaci da sani yana iya zama amintaccen yara. Sai dai namijinsa yana kai kilo 30 zuwa 40, autarka kuwa da wuya ta wuce kilo 12, ko da wasa ya ture ta ya isa. Yana buƙatar horo da aiki kullum, in ya rasa sai ya koma haushi da tone-tone da zargin duk wanda ya shigo, har da yaran maƙwabta masu zuwa wasa. Kai kuma ka ce kakan yi nisa da gida a lokacin da ake buƙatarsa, wato za a bar shi a hannun waɗanda ba su hore shi ba. Ka ƙara da cewa ragowar asida da kisra ba za su riƙe shi ba sai an haɗa da nama ko kifi, jinsin yana da gadon ciwon ƙugu, kuma cututtukan da kaska ke kawowa sun fi yi masa illa fiye da karnukanmu. A halin da magani yake ciki yanzu, wannan nauyi ne babba.

Saluƙi namu ne, ya san zafinmu, mai tsabta ne kuma mai kawaici. Amma da ido yake farauta, duk abin da ya ruga a gabansa sai ya bi, gudunsa yana haura kilomita 60 a awa, dangar kara kuma ba ta tare shi. Ba shi da yawan haushi, alhali haushin kake nema.

Saboda haka ni karen ƙanin maiɗakinka zan zaɓa maka. Karenmu na gida matsakaici ne, yawanci bai wuce kilo 20 ba, gashinsa gajere, cikinsa ya saba da abincinmu, kuma yana da kunne da saurin haushi. Ɓarawon akuya shiru yake nema, da zarar kare ya ta da unguwa ya fasa, ba sai an yage masa ƙafa ba. Kada sunan jinsi ya ruɗe ka. A 2022 masu bincike a Amurka sun tattara bayanin karnuka fiye da 18,000 daga masu su, suka gano cewa jinsi yana bayyana kusan kashi 9 cikin ɗari ne kawai na bambancin hali tsakanin kare da kare. Babbar fa'idar wannan kwikwiyo ita ce za ka iya zuwa ka ga uwarsa da idonka. Ka zauna ka lura da yadda take da yaran gidan da kuma yadda ta karɓe ka. Idan ta yi haushi sannan ta natsu da maigidan ya yi mata magana, wannan ita ce. Idan tana ɓuya tana gurnani, ko tana kai hari ba gargaɗi, ka bar 'ya'yanta, domin karen da tsoro ya yi wa yawa ya fi kowanne saurin cizo.

Kada ka raba shi da uwar kafin ya cika mako 8, saboda a wurinta da 'yan'uwansa yake koyon sassauta haƙori. Kada kuma ka bari ya wuce wata uku, domin a tsakanin nan ne yake karɓar duk abin da ya gani a matsayin nasa. A waɗannan makonni ya saba da yaran, da Hajiya, da awaki da kaji, da ƙarar babur, da baƙi masu sallama.

Maganar da ta fi duk wannan nauyi ita ce haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ana yi wa kwikwiyo allurar rigakafinta idan ya kai wata uku, sannan a riƙa maimaitawa. In har ba ka tabbatar da inda za ka samu wannan allura ba, ka jinkirta ɗauko shi.

Hajiya Umman Yasir, Jidda:

Sallama gare ku. Ɗan'uwana Abu Hafsat, na ga ka ambaci ra'ayin mahaifiyarka da na yara, amma ban ga na maiɗakinka ba, alhali ita ce za ta wuni da wannan dabba. Ita za ta ba shi abinci, ita za ta share kashinsa kafin yarinya mai rarrafe ta kai wurin, ita za ta raba shi da yaran maƙwabta. Idan tana tsoronsa ko tana ƙyamarsa, ƙarshenta ɗaure shi za a yi a gindin bishiya dare da rana, kuma karen da ya tashi a sarƙa shi ne mai cizo. Ka zauna da ita tukuna.

Na daɗe ina aikin reno a nan, kuma na zauna a gidan wasu baƙi 'yan ƙasar waje masu labrado. Ban taɓa ganin dabba mai haƙuri irinsa ba, yara suna hawansa suna jan kunnensa yana kwance. Duk da haka ranar da ƙaramin yaron gidan ya sa hannu a kwanonsa yana cikin ci, sai da ya kama masa yatsu. Raunin bai yi zurfi ba, amma da a fuska ne fa? Yaro ƙarami tsayinsa daidai da bakin kare yake, shi ya sa cizon yara ya fi zuwa a fuska da wuya, kuma sau da yawa karen da suka sani ne yake yi.

Don haka ko wanne ka ɗauko, autarka da mai shekara 5 ba za a bar su da shi ba babba a wurin, ko da na shiga kicin a fito ne. Manyan biyun kuma a koya musu kada su taɓa shi yana ci ko yana barci, kada su rungume wuyansa, kada su ja wutsiyarsa, kada su ruga a gabansa suna ihu. A nuna musu cewa idan ya sandare, ya kwantar da kunne, ko ya kau da kai yana lasar leɓe, to yana cewa a ƙyale shi. Kuma kada a doke shi don ya yi gurnani, domin gurnani gargaɗi ne, in aka hana shi gargaɗi sai ya koma kai cizo kai tsaye. Ni da za ka ji tawa, da ka ƙarasa katangar nan ka jira yarinyar ta ƙara shekara ɗaya ko biyu, kada a yi tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare.

Baba Maharbi, Damazin:

Jikana ne yake rubuta mini wannan. Ɗana Abu Hafsat, Allah ya yi maka albarka. Likita ya yi magana mai kyau, amma bai yi wa saluƙi adalci ba. Na tashi da su, kuma wanda aka raina tun yana ƙarami a cikin awaki da kaji ba ya taɓa na gidansu, ya san bambancin zomon daji da ɗan akuyar uwar gida. Da yara kuwa, in sun dame shi tashi yake ya bar musu wurin. Inda na yarda da Likita shi ne ba mai gadi ba ne, kuma yana son fili. Makiyayan ma da wuya su ba ka ɗan da suke ji da shi.

In za ka ɗauki na gida, ka ɗauki mace, ta fi zaman gida, ba ta bin dare kamar namiji. A cikin 'ya'yan kada ka ɗauki mai danne sauran, kada ka ɗauki mai laɓewa a lungu. Ka tafa hannu ka gani, wanda ya firgita sannan ya dawo yana sunsunar ka, shi ne naka. Kuma ina gargaɗinka da abin da wasu ke yi na kulle kwikwiyo a duhu ko zuba masa barkono a abinci wai don ya yi zafi. Wanda aka yi wa haka ba ya bambanta ɓarawo da ɗan gida.

Abu Hafsat, Gadarif:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Allah ya gafarta Malam, na karanta wa Hajiya bayaninka, ta ce in dai ba zai kusanci ɗakinta da randa ba, ta amince. Hajiya Umman Yasir, na yi magana da maiɗakina, sharaɗinta shi ne a kewaye wa karen wurinsa a gefen turke da ƙofa mai rufuwa, ya wuni a can, a sake shi bayan yara sun kwanta. Katangar kuwa sai an sayar da riɗi. Mun karkata ga mace daga ƙauyen Rahad kamar yadda Baba ya ce. Likita, saura abu biyu. Idan mace ce, yaya zan yi da haihuwa da karnukan unguwa? Sannan da layya mukan jefa wa karnuka huhu da sauran abin da ba a ci, shin akwai laifi?

Likitan Dabbobi, Kassala:

Tsarin maiɗakinka yana da kyau, da sharaɗin wurin ya samu rumfa da ruwa mai sanyi koyaushe, kuma a riƙa fito da ita da yamma ta zauna da yaran a gaban babba, don kada su zama baƙi a wurinta.

Karya tana neman namiji kusan sau biyu a shekara, kowane karo kamar mako uku, kuma a lokacin karnukan unguwa za su taru a bakin dangarka, waɗanda ba ka san lafiyarsu ba. Karya mai jego kuma ta fi kowane lokaci zafi a kan yara. Maganin shi ne aikin cire mahaifa a hannun likitan dabbobi, in bai samu ba a kulle ta sosai har kwanakin su wuce.

Ɗanyen huhu da hanta kuwa ka daina ba su. Ƙullutun ruwan nan da ake gani a huhun tumaki da raƙuma ƙwayar wata tsutsa ce. Idan kare ya ci, tsutsar tana girma a hanjinsa, ƙwanta ya fito a kashinsa ya manne a gashinsa, yaro ya shafa ya kai hannu baki, bayan shekaru a ga ƙullutun a hantarsa ko huhunsa, wani lokaci sai an yi tiyata. Duk kayan cikin da ke da wannan alama a ƙone ko a binne da zurfi, mai kyau kuma a dafa kafin a ba ta. A ba ta maganin tsutsa mai furazikwantel aƙalla duk wata uku, yara su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa ta. Kada a sa mata albasa ko zabibi a abinci, kada a ba ta ƙashin kaza dafaffe, kada kuma a yi mata wanka da maganin kaskar shanu a ma'aunin shanu.

Wajen allura ka tambayi yadda aka ajiye ta, domin tana buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8, kuma da yawan ɗaukewar wuta wadda ta yi zafi ba ta da amfani. Ban da ta hauka, akwai ta cutar gudawar jini ta 'yan kwikwiyo, wadda ake farawa tun suna mako 6 zuwa 8. Idan kuma, Allah ya kiyaye, wani kare ya ciji yaro ko ya yage shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, kada a shafa toka ko barkono, a kai shi asibiti a ranar don a fara masa allura, domin da zarar alamun cutar sun bayyana kusan ba a tashi. Karen da ya yi cizon a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a fara yi wa yaron allura.